Mutumin Gindin Gawo

Idan ka ba Abdurazak labari ya karanta, to ka shirya jin abin da kai mai rubutun ma ba ka sani ba. Malamin Faransanci ne a wata lise, wato sakandare, a Tahoua, kuma a ajinsa babu ƙofar da take ƙofa kawai. In marubuci ya ce an rufe ƙofa, Abdurazak zai ce zuciya aka rufe. In aka ce akuya ta tsinke igiya, sai ya tsaya gaban allo, ya ɗaga yatsa, ya ce wannan ba akuya ba ce, talaka ne ya gaji. Ɗalibai suna sonsa duk da haka. Da yake Mushe ake kiran malamin boko a can, a bayan idonsa Mushe Me-ake-nufi suke ce masa, don tambayar ba ta barin bakinsa. Ya ji sunan tuntuni, kuma ko kaɗan bai ɓata masa rai ba.

Matarsa Haula ƴar Takanamat ce. Can ya same ta lokacin da aka fara tura shi koyarwa, yana saurayi siriri mai rigar kirki guda ɗaya. Shi dai in ka tambaye shi Takanamat, abin da zai tuna maka zafi ne da rashin wuta da ajin zana. Yanzu Haula tana koya wa matan unguwa karatun Hausa da hantsi, in ta sami sarari kuma ta rubuta gajerun labarai. Shi ne mai fara karanta mata su. Yana bi da jan bik, wato jan biro, ya nuna mata inda ta yi sauri da inda ta ja zance, ita kuma ta zauna gefensa tana sauraro. Wannan matsayi yana ji da shi ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Birni ya canja wa Haula abubuwa da yawa, amma akwai abu ɗaya da ta zo da shi daga gidan ubanta ta riƙe gam. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Malam take ce masa, in kuma tana zancensa da mata sai ta ce "shi" ko "mai gidan". Har mai teburin bakin layinsu, da aka yi katari sunansu ɗaya, ita "mai sabulu" take kiransa. Farkon aurensu Abdurazak ya sha tsokanarta, ya ce wannan ƙauyanci ne, ta faɗa ko sau ɗaya ya ji yadda sunan zai fito daga bakinta. Sai ta rufe fuska da gyale ta yi ta dariya. Daga baya ya saba, ya daina ma lura, kamar yadda mutum ke daina jin ƙarar firij ɗin ɗakinsa.

Akwai wani gidan rediyo mai zaman kansa a garin da ke karanta gajeren labari kowace Alhamis bayan la'asar. Madam Zaliha ce ke gabatar da shirin, in ta gama karantawa kuma Abdurazak ya yi sharhi, ya fito wa masu sauraro da abin da ke ƙarƙashin labarin. Ana kama shirin har Affala da Tébaram da Takanamat. Haula ba ta taɓa aika nata ba.

Ran nan bayan azahar yana kishingiɗe a rumfa, sai ta zo ta ajiye masa wasu takardu a kan tabarma.

"Malam, ga wani abu ka duba."

"Mi an nan?"

"Labari na nir rubuta. Madam Zaliha ta amsa, Alhamis za a karanta shi."

Ya tashi zaune. "Ta amsa? Yaushe tag gani, ni ban gani ba?"

"Ni nik kai mata. Wanga so nika yi shi iske ka hakanan, ba ka taɓa shi da jan bik ba."

Ta faɗa tana murmushi, ta wuce madafa. Shi bai yi murmushin ba. Tun da ta fara rubutu ba ta taɓa kai wa kowa labari kafin shi ba, kuma abin ya sosa masa rai fiye da yadda zai yarda. Ya ƙi karantawa a gabanta. Ya naɗe takardun ya sa a jaka, sai washegari a lakkwal, tsakanin aji da aji, ya zauna a kan teburinsa ya buɗe su, hannunsa duk alli bai ko kaɗe ba.

Labarin wata yarinya ce, Fiddausi, a wani ƙauye na arewacin Ader inda rijiya ke da zurfin da sai da takarkari ake jan guga. A gefen rijiyar akwai gawo, itacen nan mai bauɗaɗɗen hali da ke yin ganye da rani lokacin da kowane itace ya kaɗe, ya zubar da nasa da damina. In an gama girbi, gawon ya fara kore, sai wani baƙo ya bayyana a garin. Kullum Fiddausi ta zo ɗiban ruwa tana iske shi a gindin gawon, kansa sunkuye a kan aikinsa, yatsunsa fari fat da wani gari. Ba ya yi mata magana, ita ma ba ta yi masa. Wata rana ta cika tulunta, ta rasa mai ɗora mata, sai ya taso ya ɗora mata. Da ta isa gida ta sauke, ta ga shatin farin yatsunsa a jikin tulun. Ba ta goge ba. Ta juya wajen shatin ya fuskanci bango, don kada wani ya goge mata. Da ruwa ya sauka baƙon ya tafi, gawon ya zubar da ganye, ita kuma ta yi damina tana duban itacen. Labarin ya ƙare ranar da ta ga tohon farko a reshensa, ta koma gida ta ɗauro zanenta na kirki, ta ɗauki tulu.

Labari ne mai daɗi, shi ma ya sani. Ya fi duk abin da ta taɓa rubutawa, kuma babu jan bik ɗinsa ko ɗigo a ciki. Amma wani abu ya tsaya masa. Kowa a labarin yana da suna. Uwar yarinyar Mariama ce, mai kora takarkarin Ciɗo ne, shi kansa san ana ce masa Ɗan Baƙi. Mutumin gindin gawo ne kaɗai ba shi da suna, daga farko har ƙarshe "shi" ne kawai. Abdurazak ya ɗaga yatsa, shi kaɗai a cikin aji, ya ce, "Me ake nufi?"

Da bai sami amsa ba da abin ya wuce. Sai ga amsa ta zo masa har gida, a kan moto, da tsakar rana.

Souleyman ɗan kawun Haula ne, wato taubashinta. Aikinsa ginin rijiyoyi da gyaransu a ƙauyukan arewa. Aikin rani ne, in ruwa ya sauka sai ya ajiye kayan aiki ya koma gona. Duk sanda ya shigo Tahoua sayen siminti da ƙarfe yakan biyo gidan ya ci abinci. Ƙato ne mai ƙatuwar murya, kuma tun daga zaure yake fara wasan taubasai.

"Ina matata? Mushe, har yanzu ba ka gaji da riƙe mini ita ba?"

"Ka ji shi," in ji Haula daga madafa. "Wa za ya aure ka, kai da ka wuni cikin rame kamar gahiya? Allah dai shi ba Fa'iza haƙuri."

Fa'iza ita ce matar Souleyman, tana can Takanamat da ƴaƴansu. Wannan wasa shekara da shekaru ana yinsa a gaban Abdurazak, yana dariya, har yakan sa baki. Ranar nan ma ya fara dariyar. Sai Haula ta kawo buta da kwano, Souleyman ya miƙa hannuwa tana zuba masa ruwa. Siminti ya shiga duk tsagar fatarsa, ya zauna a gefen farcensa, fari fat, ruwan ma bai fitar da shi ba.

Abdurazak ya daina dariyar. Ya dubi hannun, ya dubi matarsa da ke riƙe da butar tana murmushi, ya ji wani abu mai zafi ya taso masa daga ciki har ƙeya. Kishi ne, ba wani abu ba, irin wanda bai taɓa sanin yana da shi ba. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi.

Allah ya raba ka da mai ilimi in kishi ya kama shi. Wani da sai ya yi fushi ya huce, amma Abdurazak zama ya yi ya bi labarin layi-layi kamar yadda yake koya wa ƴan tarminal, ajin ƙarshe. Rijiya zuciyar mace ce, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Igiyar guga kuwa abin da ke haɗa sama da ƙasa ce, wato zumunci, ke nan mutumin ɗan uwa ne. Gawo mai ganye da rani, ai mai aikin rani ne. Farin gari a yatsu siminti ne. Rashin suna kuma shi ne makullin duka, don abin da ake ɓoyewa shi ne ba a kira. Komai ya zauna daram. Bai taɓa yin sharhin da ya haɗu haka ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Da yamma ya je fada, inda malamai ke shan shayi a ƙofar gidan Sadiƙu. Sadiƙu malamin lissafi ne, mutumin da bai yarda da abin da ba a iya aunawa ba. Abdurazak ya ja shi gefe ya ba shi labarin, ya ce wani ɗalibi ne ya rubuta.

"To, kai mi kag gani ga gawon nan?"

"Gawo icce na," in ji Sadiƙu. "Awaki na cin ɗiyanai."

"Hwarin da ke ga yatsunai hwa?"

"Halan mai niƙa na. Ko ya ci ƙuli da gari."

"Kai ba a maganar kirki da kai. To mi ya sa kowa na da suna, har sa, shi ɗai ba shi da?"

Sadiƙu ya kurɓi shayinsa. "Wanda yar rubuta ya mutu?"

"A'a."

"To ka tambaye shi mana. Ku mutanen adabi, mutum na zaune gabanku da bakinai, ku bar shi ku tai ku tambayi icce."

Shawarar ba ta da laifi. Abdurazak ya ɗauke ta, sai dai ya tafi da amsarsa a aljihu tun kafin ya yi tambayar.

Ya iske Haula a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ya jawo kujera ya zauna gabanta, ya ajiye takardun a kan gwiwarsa.

"Na karanta."

Ta ɗago da sauri, idonta na haske. "Ya yi?"

"Ya yi. Wanga mutum na gindin gawo, wane ne?"

Sai ta sunkuyar da kai, ta jawo gyale ta rufe rabin fuskarta. "Haba, Malam. Ba ka gane ba?"

"Na gane sarai. So nika yi in ji ga bakinki."

"Ni ba ni iya hwaɗi."

"Don mi?"

"Ka san ba ni iyawa. Ka bar ni don Allah, kunya nika ji."

Tana dariya ƙasa-ƙasa a bayan gyalen, irin dariyar da ya daɗe bai ji ba. Shi kuwa abin da ya gani mace ce da aka kama, ta kasa musu. Ya tambaye ta ko abin ya faru da gaske, ko ƙirƙira ta yi. Ta ce tulun ma yana nan a ɗakin innarta, sai dai shatin ya goge tuntuni. Ya tashi ya shige ɗaki. Ita ta ɗauka kunyar ce ta kama shi shi ma, har ta ƙara masa nama a miyar ranar.

Kwanakin da suka rage kafin Alhamis, Abdurazak bai ci abincin kirki ba. In wayarta ta yi ƙara sai kunnensa ya miƙe. In ta yi shiru sai ya ce tunani take. In ta yi waƙa tana shara, ya fi muni. Ya tuna duk wata ziyara da Souleyman ya taɓa kawowa, ya sake karanta ta da sabon ido, har da wani buhun albasa da ya kawo musu bara. A aji ya fitar da takardun sau da yawa yana dubawa, ɗalibai na kwafar abin da ke allo. Abin da ya fi ci masa rai ba tulun ba ne. Yadda aka rubuta shi ne. Shi da ya zauna da ita shekaru yana gyara mata jimla, ba ta taɓa rubuta layi ɗaya a kansa ba, amma ga mai haƙar rame ya sami labari sukutum, kuma wanda ya fi kowane kyau.

Ranar Alhamis Haula ta tashi da rawar jiki. Ta jiƙa zoɓorodo, ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, don ta gayyaci matan da take koya wa karatu su zo su saurara tare. Ta kira innarta a Takanamat ta ce a kunna rediyo bayan la'asar. Da zai fita ta bi shi har zaure.

"Malam, kar ka yi mini tsanani ga sharhin."

"Abin da ke ciki shi za ni hwaɗi," ya ce, ya tada moto.

A gaskiya bai fita da niyyar yin abin da ya yi ba. A hanya ya shirya cewa zai yi magana a kan ƙarancin ruwa a arewa da wahalar mata a bakin rijiya, ya yaba salon, ya tashi. Sauran maganar ta gida ce.

Ɗakin shirin ƙarami ne, teburi ɗaya da makirfo biyu da fanka mai ƙara. Madam Zaliha ta gaida masu sauraro, ta ce labarin yau na Haula Sabo ne, ƴar Takanamat mazauniyar Tahoua, kuma mai ɗakin Mushe da ke zaune gefenta, don haka yau za a ga ko zai yi son kai. Ta fara karantawa. Matar ta iya karatu, ba ta sauri, tana barin kowace jimla ta sauka. Da ta zo wurin da yarinyar ta juya tulun ya fuskanci bango, sai ta rage murya, ta ɗan yi shiru. Har mai kula da na'ura a bayan gilashi ya daina taɓa wayarsa. Abdurazak ya ji duk Ader na sauraron yadda matarsa ke son wani, shi kuma an zaunar da shi ya tafa. Maganar ƙarancin ruwa ta fice masa daga kai.

"To Mushe," in ji Zaliha, "mi kag gano muna?"

Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa kamar yana gaban allo. Ya fara da rijiya, ya ce zuciya ce. Ya zo kan igiya, ya ce zumunci ce, don haka a nemi mutumin cikin dangi, ba bare ba ne ko da an kira shi baƙo. Ya ce gawo mutum ne mai sana'ar rani, wanda in ruwa ya sauka yake ajiye aiki. Muryarsa ta yi daɗi, hujja na bin hujja.

"Hwarin ga yatsu kau, masu saurare su tambayi kansu, wace sana'a ta bakin rijiya ka barin hannun mutum hwari? Siminti na. Mai ginin rijiya na."

Zaliha ta dube shi, murmushinta ya ɗauke. Ta yi ƙoƙarin tare shi. "Amma Mushe, batun rashin suna, ba ka ganin akwai mutumin da mace ba ta kiran sunanai?"

"Shi nika gaya miki, Madam. Wanda taka ɓoyewa. Marubuci ba shi hana ma mutum suna banza. In kin ga an sa ma sa suna an hana ma mutum, to akwai abin da ba a so a sani. Kuma ni a ganina, wanga labari ba ƙage ba na. Wadda tar rubuta shi ta san nauyin tulun."

Zaliha ta yi wa mai na'ura alama da hannu, ya sako talla. Ta cire abin kunnenta ta ajiye a hankali. Ba ta yi masa godiyar da ta saba ba. Ta tattara takardunta, ta ce, "Ka gaida gida, Mushe," ta fita ta bar shi a zaune.

Bai kira sunan kowa ba, da wannan ya riƙa lallashin kansa a kan moto. Amma Takanamat ba Yamai ba ce. Mai ginin rijiya a dangin Haula guda ɗaya ne, kuma ko yaro a garin ya san shi.

Ya iso gida gab da magariba. Tabarmin na nan a shimfiɗe, kofunan zoɓorodo a jere, wasu ko taɓa su ba a yi ba. Matan sun watse. Haula na zaune a kan turmi da ta kifa, rediyon a kashe a gefenta, wayarta a kife a ƙasa. Ba kuka take ba. Da kuka ya iske ta tana yi da ya san abin da zai ce.

Ya jingine moto, ya fitar da takardun daga jaka, ya tsaya riƙe da su.

"Abdurazak."

Sai da ya ɗan waiga, kamar wani ne ya shigo bayansa. Sunan ya fito daga bakinta a bushe, yadda ake kiran mutum a layin likita.

"Ka ce so kaka yi ka ji ga bakina," ta ce. "To ga shi, na hwaɗi."

Yana nan tsaye riƙe da takardun, ta ci gaba.

"Fa'iza ta kira ni tana kuka. Inna ta kira, ta ce mutane sun cika mata gida. Souleyman na can Tébaram cikin rame, bai ma san abin da anka yi mishi ba." Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba. "Wa ka zuwa garinmu in an gama girbi, in ruwa ya sauka a ba shi hutu shi tahi? Wa zahin ajin zana ka kora gindin gawo da kayen rubutun yara bisa gwiwa? Ni ina da shekara nawa sa'an nan, ina ɗaukar tulu ina bi ta gabanka sau uku ga yini, gidanmu ba a rasa ruwa ba?"

Abin ya dawo masa gaba ɗaya. Gawon da ke bayan makarantar, da kukan jigon rijiya, da sa na tafiya yana dawowa. Ya tuna wata rana da ya taso don ƙafarsa ta yi sanyi, ya ga yarinya tsaye da tulu, ya ɗora mata, ya koma ya ci gaba da gyaran kaye, littattafan rubutun ɗalibansa. Ko fuskarta bai duba ba a ranar. Sai bayan shekara aka nuna masa ita a gidan ubanta Sabo, ya ɗauka ranar ce farkon ganinsu.

Ya sunkuyar da kai, idonsa ya sauka a kan takardun da ke hannunsa. A kusurwar kowane shafi, inda ya riƙa juyawa a aji, ga shatin yatsunsa nan na alli, fari fat.

"Haula," ya ce. "Alhamis mai zuwa ni koma in gyara. In gaya musu na yi kure."

"Ka gaya musu mi? Kai na? Abin da ko Inna ban taɓa gaya ma ba, na sa shi ga takarda don kai ɗai ka gane. Matan da sunka zauna nan, tun Madam ba ta kai rabi ba sunka hwara dubana suna dariya, sun gane. Sannan kat tashi ka yi magana."

Ta miƙe ta fara tattara kofunan, tana juye zoɓorodon a bokiti ɗaya bayan ɗaya. Ya matso zai taya ta, ta janye bokitin.

"Don Allah ki yi haƙuri. Ki ce mini Malam, yadda kika saba."

"Tuwonka na ɗaki, Abdurazak. Ka ci tun bai huce ba."

Ya je Takanamat a ƙarshen makon, ya durƙusa gaban Sabo da innar Haula, ya nemi Souleyman ya ba shi haƙuri a gaban Fa'iza. Souleyman ya karɓi hannunsa, amma bai yi wasa ba, kuma daga ranar in ya shigo Tahoua sayen siminti a tasha yake cin abinci. Alhamis ta zagayo, Abdurazak ya ce a rediyo ya yi kuskure a sharhin makon jiya, mutumin gindin gawo malamin makaranta ne. Wasu suka yarda, wasu suka ce rufa-rufa ce.

Haula ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba, abincinsa bai taɓa makara ba. Tana nan tana rubutu, yana ganinta da yamma a rumfa, amma in ta gama sai ta sa takardun a jakarta ta kai wa Madam Zaliha. Jan bik ɗinsa ya koma na kayen ɗalibai kawai.

Wata safiya yana ɗaki yana ɗaura agogo zai fita, ya ji ta leƙa ƙofar gida tana kiran mai teburin bakin layi.

"Abdurazak! Ba ni sabulu guda."

Ya tsaya da agogon a hannu yana sauraro. Ta rufe ƙofa, ta dawo tsakar gida, ta ɗaga labulen ɗakinsa.

"Abdurazak, shayinka na hucewa."

Ya kasa kunne sosai, shi da sana'arsa ce neman abin da ke ƙarƙashin magana, ko zai ji wani bambanci tsakanin kiran farko da na biyu. Bai ji ba.